Yadda za ka canza kujerar injin motarka da hannunka

Ka tsaya a danja, ƙafarka na kan birki, giya tana D. Sitiyari na ɓari a hannunka, madubin tsakiya na rawa har ba ka iya tantance motar da ke bayanka. Da ka mayar da giya N sai abin ya lafa. Ka sa ribas, ka ji "ƙwal" daga ƙarƙashin bonet kamar an doka guduma. Galibi wannan aikin kujerar inji ne, abin da ake kira injin sitin a gareji.

Kujerar inji ƙarfe biyu ne da aka haɗa da roba mai kauri a tsakaninsu. Ɗaya yana ɗaure a jikin inji ko giyabos, ɗayan a jikin mota. Robar ita ke ɗauke da nauyi, ita ke shanye karkarwar inji kada ta iso gare ka, ita ce kuma ke riƙe inji kada ya wuntsila in ka taka totur. Wasu kujerun zallar roba ne, wasu kuma akwai ruwa mai kama da mai a rufe a cikinsu, wanda ke ƙara musu laushi a lokacin silo, wato sa'ad da inji ke aiki ba a taka totur ba.

Za mu yi misali da Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 mai inji 1ZZ-FE, saboda ta cika titunanmu kuma aikinta bai da sarƙaƙiya. Injinta a gicciye yake, kujerunsa huɗu: ta dama a gefen fasinja, wadda ke riƙe da injin kansa, ta hagu a gefen direba, ƙarƙashin wajen batir da akwatin iska, wadda ke riƙe da giyabos, sai ta gaba kusa da lagireto, da ta baya wajen bangon da ya raba inji da cikin mota. Ta dama da ta hagu su ke ɗauke da mafi yawan nauyi. Ta gaba da ta baya aikinsu hana inji jirkicewa gaba da baya. Wanda ya gane wannan tsarin zai iya aiki a kan Camry, Accord, Civic da makamantansu, ko da yawan kujerun da wurarensu sun ɗan bambanta.

Tabbatar da ciwon kafin ka sayi magani

Ba kowace karkarwa ce ta kujera ba, kuma mutane da yawa sun canza kujeru huɗu ras suka dawo suka tarar motar na nan tana rawarta. Filogi da ya mutu, kwayil da ya fara gazawa, nozul da ya toshe, ko datti a bakin totur da ya sa silo ya yi ƙasa, duk suna girgiza mota. Yadda za ka bambance: in inji ne ke tsallake wuta, za ka ji sautin salansa na yankewa, allurar silo na hawa da sauka, sau da yawa fitilar gargaɗin inji na kunne. In kujera ce, sautin inji daidai yake, allura na tsaye wajen 700 bayan inji ya yi zafi, jikin mota ne kawai ke karɓar girgizar. Karkarwar da ba ta zuwa sai kana gudu kana taka totur, wannan ka fi zargin shaf, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. Ƙarar da ke zuwa in ka faɗa rami ba tare da ka taɓa totur ko giya ba, ka fara duba ƙafar mota.

Da farko duba da ido da tocila. Nemi tsagewa mai zurfi a robar, ko inda ta rabu da ƙarfenta. 'Yan ƙananan tsage-tsage a sama kamar faso ba komai ba ne, tsufa ne kawai. Dubi ko robar ta zauna har ƙarfen sama ya kusa taɓa na ƙasa. In ka ga wani wuri yana sheƙi kamar an goge shi da sanfefa, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. A kan kujera mai ruwa, nemi sawun ruwa mai duhu da ya gangaro ya bushe a gindinta. In ta zubar da ruwanta ta gama aiki, ko da robar waje na nan lafiya ƙalau.

Sai gwajin birki, wanda ke buƙatar mutum biyu. A buɗe bonet, a ja hambirki, a sa duwatsu ko katako gaba da bayan tayoyi. Mutum ɗaya ya zauna ciki ya danne birki da ƙafar hagu da ƙarfi, ya sa D, ya ɗan taɓa totur na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya saki. Ya sake yin haka a R. Mai kallo ya tsaya a gefen mota, kada ya kuskura ya tsaya gabanta ko bayanta, kada kuma ya sa hannu cikin inji. Lafiyayyen inji zai ɗan jingina ya dawo a hankali. Wanda kujerarsa ta tsinke zai yi tsalle ya faɗo da ƙara, kuma ɓangaren da ya ɗaga shi zai nuna maka wadda ta mutu. Kada a daɗe ana danne da totur, man giya na saurin ɗaukar zafi a wannan halin. A mota mai kuloci, a sa giya ɗaya a ɗan saki kuloci har inji ya fara ja, sannan a danne.

Akwai gwaji na uku da ya fi kama kujerar da ta zauna ba ta tsinke ba. Inji na silo, ka sa jak da katako ƙarƙashinsa ka ɗan ɗauke nauyi kaɗan, kamar rabin santimita. In karkarwar cikin mota ta ragu nan take, kujerar wannan gefen ta zauna.

Me ya kashe ta?

Wannan tambayar tana da muhimmanci, don in ba ka amsa ta ba sabuwar ma tafiya za ta yi. Shekaru da zafin inji suna busar da roba, wannan babu makawa. Amma abin da ya fi saurin kashe ta shi ne mai. Baƙin mai da ke ɗiga daga gasket ɗin murfin saman inji, ko man sitiyari da ke tsiyaya daga tiyo, in ya jiƙa roba sai ta kumbura ta yi laushi kamar ƙullin fulawa, daga nan ta yage. In ka tarar tsohuwar kujera jage-jage da mai, toshe yoyon kafin ka ɗaura sabuwa. Sai halin tuƙi: sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba, fizgar mota daga tsaye, afka wa ramuka da tudun rage gudu ba sassauci. Kuma da ɗaya ta mutu, sauran ukun ne ke ɗaukar wahalarta, shi ya sa wanda ya yi wata shida yana tuƙi da kujera ɗaya a tsinke yakan tarar biyu ko uku ne ke jiransa. Kafin nan ma inji mai tsalle yana iya tsaga wuyan salansa, ya ja tiyon lagireto, ya tsinka waya.

Sayen kaya

A nan ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci tun ba a ɗauki sifana ba. Tafi da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ka kuma san ko motarka otomatik ce ko mai kuloci, domin kujerar giyabos da ta baya sukan bambanta tsakaninsu duk da mota ɗaya ce. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, abin da ya fi shi ne ka riƙe tsohuwar a hannu, ko aƙalla hotonta ta fuska uku. Ɗora su gefe da gefe: ramukan noti su yi daidai, 'yan ƙusoshin saiti da ke ƙasa su kasance wuri ɗaya. Tsayi kuwa, sabuwar za ta ɗan fi tsohuwar, tunda tsohuwar ta zauna. Wannan ba aibi ba ne.

Zaɓi uku ne a kasuwa. Ta kamfani sabuwa ita ce gaba, ga tsada amma ga kwanciyar hankali. Ta Beljiyam, wato wadda aka ciro daga motar waje, tana iya yin kyau in ka duba ta sosai: zura ƙarfe cikin ramin tsakiya ka lanƙwasa ta ko'ina ka ga ko tsaga za ta buɗe baki, ka juya ta ka nemi sawun yoyo, ka kula da wadda aka shafa wa baƙin fenti ko mai don ta yi kyan gani. Sai sababbi masu arha, waɗanda robarsu kan yi tauri kamar dutse ko ta yi laushin da ba ta wata uku. Mafi muni ita ce wadda aka yi da siffar mai ruwa alhali cikinta zallar roba ne. Za ta shiga daidai, za ta riƙe inji, amma karkarwar da ka zo gyarawa tana iya fin ta da. Haka nan dabarar cusa yankin tsohuwar taya cikin kujerar da ta yage: tana fitar da mutum daga daji zuwa gari, amma ba gyara ba ce, don robar taya ba ta da laushin da zai shanye girgiza. In kuɗi bai kai na huɗu ba, gara ka sayi mai kyau guda ɗaya ka sa inda ya fi lalacewa, da ka sayi huɗu na banza.

Kayan aiki

Kana buƙatar jak mai taya na ruwa, mai ɗaukar tan 2, da turakun ƙarfe biyu da ake ɗora mota a kai. Ƙaramin jak ɗin canza taya bai dace da wannan aikin ba, yana gocewa. Sai guntun katako mai kauri kamar santimita 4 ko 5, faɗinsa ya kai tafin hannu, tsawonsa kamar santimita 30. Soket da sifana lamba 10, 12, 14 da 17 su ne na motocin Japan, da 21 na notin tayar Corolla; motocin Turai sun fi amfani da 13, 16 da 18. Ka samu dogayen sandunan ƙari na soket, da gwiwa mai juyawa don lungu, da dogon hannu na ɓalle noti mai tauri, da ƙarfen bambara irin libar masu faci, da man fesawa mai kwance tsatsa, da tocila, da alkalamin fenti ko alli. In za ka iya aro sifana mai awon ɗauri, ka ara, amfaninta zai zo a gaba.

Wuri ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri, siminti ya fi. In a ƙasa za ka yi, shimfiɗa faffaɗan katako ƙarƙashin jak da turaku don kada su nutse. Kada ka ɗora mota a kan bulon siminti. Yana rugujewa ba tare da gargaɗi ba. Inji da giyabos a haɗe sun haura kilo 150, kuma jak na ruwa yana iya saki a kowane lokaci. Saboda haka duk tsawon aikin, yatsanka kada ya shiga tsakanin kujera da ƙarfen inji. In za ka saita rami, yi da sukudireba.

Bar inji ya huce sarai. Fesa man tsatsa a kan dukkan notukan tun da daddare in zai yiwu. Kada ka zuba man birki a madadinsa kamar yadda wasu ke yi, yana cin fenti. Cire kan batir na ƙasa, wato mai alamar ragi, da sifana 10. Ɗauki hoton kowace kujera da waya kafin ka taɓa ta, har da wayoyi da tiyo da ke maƙale kusa.

Ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa: kujera ɗaya a lokaci ɗaya. Sauran ukun su ke riƙe maka inji a saitinsa. In ka kwance biyu tare, inji zai zame gaba ko gefe, kuma mayar da shi da jak ɗaya wahala ce ta yini guda.

Kujerar dama

Wannan ita ce mafi sauƙi, daga sama ake yinta, mota na kan tayoyinta. Kawar da abin da ya tare hanya, kamar ƙaramin tankin man sitiyari ko maƙalin bututun esi. Ka kwance maƙalin kawai ka ture a hankali, kada ka buɗe bututun esi, akwai gas mai matsi a ciki.

Tura jak ƙarƙashin inji ta gefen dama, ka ɗora katakon tsakaninsa da kwanon baƙin mai. Nan ka natsu. Kwanon nan ba shi da kauri, kuma a cikinsa, dab da gindi, akwai bakin bututun da famfon mai ke zuƙa ta cikinsa. In jak ya lotsa kwanon ya matse wannan bakin, mai zai ragu wa inji, garin gyaran kujera ka kashe inji. Don haka katakon ya ratsa faɗin kwanon ya kai gefe da gefe inda ya fi ƙarfi, kada ya hau kan notin juye mai, kada kuma ƙarfen jak ya taɓa kwanon kai tsaye.

Ɗaga jak har katako ya kama, sannan ka ƙara bugu ɗaya ko biyu. So ake a ɗauke nauyin inji daga kan kujera, ba a ɗaga mota ba. In ka ga jikin mota ya fara tashi, ka wuce gona da iri, sauke kaɗan.

Zagaye gindin kujerar da alkalamin fenti don ka san inda take zaune. Sassauta notukan da suka haɗa ta da ƙarfen inji, kowanne zagaye ɗaya tukuna, kana kallo. A wannan motar wasu daga sama suke, wani kuma daga ƙasa ake kamo shi da dogon soket, don haka lalubo da hannu ka ƙirga su kafin ka fara. In noti ya sassauta amma yana fita da tauri har ƙarshe, nauyi na kansa: ɗan ɗaga jak ko ka ɗan sauke har ya riƙa juyawa da yatsa. Wannan ita ce alamar jak ya ɗauki nauyin daidai. Daga nan kwance na jikin mota, ka zaro kujerar. Wani lokaci sai ka ƙara ɗaga inji santimita 2 ko 3 kafin ta samu hanyar fita. Yi bugu ɗaya, ka tsaya ka duba tiyon lagireto, wayoyi, da bayan inji kada ya tokari bango.

Jera notukan a kan kwali yadda suka fito. Sukan yi kama da juna alhali tsawonsu ya bambanta, kuma dogon noti a gajeren rami yana fasa alminiyom.

Goge mazaunin da burushin ƙarfe. Sa sabuwar ta fuskar da tsohuwar take. Tunda ta fi tsayi, sai ka ɗan ƙara ɗaga inji kafin ramuka su haɗu. Kowane noti ka fara shi da yatsa, zagaye huɗu ko biyar, kafin sifana ta taɓa shi. Ƙarfen da ke jikin inji sau da yawa alminiyom ne, haƙoransa ba su jure tilas. Noti da ya ƙi shiga da hannu, ramin ne bai saitu ba. Motsa jak, ko ka ɗan tura inji da liba, ka sake gwadawa. In ka tura shi da ƙarfi ya ci haƙori, ka koma neman mai sake yanka rami, ko sayen ƙarfen gaba ɗaya. Sai dukkan notuka sun shiga sannan ka ɗaure na jikin mota. Na wajen inji ka kai su har su zauna, amma kada ka yi musu ɗaurin ƙarshe tukuna.

Kujerar hagu

Tsarin ɗaya ne, sai dai share hanya ya fi yawa. Cire batir gaba ɗaya da farantin da yake zaune a kai, da akwatin iska, bayan ka zare soket ɗin na'urar auna iska a hankali. Jak zai koma ƙarƙashin giyabos. A otomatik, kada ka ɗora katako a kan farantin man giya na ƙasa, siriri ne kuma abin da ke bayansa mai tsada ne. Nemi jikin giyabos mai kauri kusa da inda ya haɗu da inji. Dogon noti ɗaya ne ya ratsa tsakiyar wannan kujerar. Idan jak ya ɗauki nauyi daidai, zai zaro da hannu. Idan sai an doke shi da guduma, tsaya ka gyara tsayin jak. Kula da wayar ƙasa da ke ɗaure a jikin giyabos ko kusa da kujerar. In ka manta ba ka mayar da ita ba, mota na iya ƙin tashi, ko wuta ta nemi hanya ta wasu wayoyin ta ƙona su.

Ta gaba da ta baya

Waɗannan sai an shiga ƙasa. Ja hambirki, tokare tayoyin baya, ɗaga gaban mota ka ɗora ta a kan turaku biyu a wuraren da aka tanada a gefen shasi, ka girgiza ta da hannu ka tabbata ta zauna daram. Sannan jak ya koma aikin tallafar inji. Cire robar da ke rufe ƙasan inji.

Ta gaba ba ta da wuya: dogon noti ɗaya a tsakiya, sai na gindi da suka kama ta da ƙarfen da ya ratsa ƙarƙashin inji. Ka dai kula da fankar lagireto da ke dab da hannunka, wannan na cikin dalilan cire batir.

Ta baya ita ce mai cin rai. Tana cikin lungu tsakanin giyabos, bututun salansa da sandar sitiyari, ba ka ganin notin sosai, da lalube ake yi. Cire tayar gaba ta hagu yana ba da hanyar zura dogon soket daga gefe zuwa notin tsakiya. Bayan ka kwance komai, kujerar kan ƙi fita don wurin ya matse. Abin da ke taimakawa shi ne ka zare notin tsakiya na kujerar gaba, kujerar na nan a wurinta, don inji ya samu damar jirkicewa gaba kaɗan, tunda ta dama da ta hagu na riƙe da nauyinsa. Sai ka juya tsohuwar a hannu har ka samo fuskar da za ta fita, ka kuma riƙe wannan fuskar a ka, don ta nan sabuwar za ta shiga. In abin ya kai ga sai an sauke ƙarfen da ke ɗauke da sandar sitiyari da ƙafafun mota, a ganina nan ne ya kamata mai yi a gida ya tsaya ya kai gareji mai rami ko na'urar ɗaga mota. Kada ka sa wuta don kwance noti a wannan lungun, bututun fetur na bi ta wajen.

Ɗaurin ƙarshe, inda yawancin aiki ke lalacewa

Da yawa sukan sa sabuwar kujera mai kyau, su ɗaure ta tamau inji na rataye a kan jak, su sauke, sai mota ta ci gaba da rawa, bayan 'yan watanni robar ta yage, a ce kayan jabu ne. Ba kayan ba ne. Idan ka ɗaure notin tsakiya alhali inji bai zauna inda zai zauna ba, to da ka sauke jak robar za ta murɗe, ta zauna a murɗe dare da rana. Roba da ke a miƙe ba ta shanye girgiza, kuma ba ta daɗewa.

Yadda ake yi: dukkan notuka su kasance a ramukansu, sun shiga har ƙarshe, na jikin mota a ɗaure, amma na tsakiya da na wajen inji a zaune kawai. Sauke jak a hankali har nauyin inji ya koma kan kujeru gaba ɗaya, ka janye shi. Kama inji da hannu biyu ka girgiza shi gaba da baya. Mayar da wayar ƙasa, akwatin iska da soket ɗinsa, da batir, mota na kan tayoyinta, ka ta da ita, ƙafa a kan birki, ka sa D na 'yan daƙiƙu, N, R, ka maimaita sau biyu ko uku ba tare da taɓa totur ba. Kashe. Yanzu inji ya nemo mazauninsa da kansa. Leƙa ta gaba da ta baya: notin tsakiya ya kasance kusan a tsakiyar robar, ba ta jingine gefe ɗaya ba. Sannan ka ɗaure, ka fara da masu ɗauke da nauyi, dama da hagu, ka ƙare da baya da gaba. In sai ka sake ɗora mota a kan turaku kafin ka kai ga na ƙasa, babu laifi, muddin jak ba ya taɓa inji.

Ƙarfin ɗauri yana cikin littafin gyaran motarka, shi za ka bi. A motocin Japan, notin kujera mai kai 14 yakan tsaya wajen niyuton-mita 50 a kan sifana mai awon ɗauri, manyan na tsakiya masu kai 17 kuma sukan kai 80 ko sama da haka. Notin tayar Corolla 103 ne. Ɗaure noti da bututu a kan sifana har sai ya yi ƙara ba ƙwarewa ba ce, miƙar da shi ake yi, wata rana ya tsinke a hanya. Masu Volkswagen daga Golf 4 zuwa sama su sani cewa da yawa daga notukan kujerunsu irin masu miƙewa ne, sau ɗaya ake ɗaure su, sai a sa sababbi. Masu wasu Honda Accord na otomatik kuma za su ga siririn tiyon iska a gindin kujerar gaba. Shi ke sa ta yi laushi a lokacin silo. In an bar shi a cire ko ya tsage, mota za ta yi rawa ko da kujerar sabuwa ce, inji kuma zai riƙa shaƙar iska ta ɓarauniyar hanya.

Bayan an gama

Tabbatar ka mayar da akwatin iska da soket ɗinsa, wayar ƙasa, maƙalan bututu, robar ƙasa. Kwatanta da hotunan da ka ɗauka. Ƙirga kayan aikinka kafin ka rufe bonet.

Tunda an cire batir, silo na iya yin sama da ƙasa na ɗan lokaci kafin ƙwaƙwalwar mota ta sake daidaita kanta. Bar ta ta yi zafi a tsaye kamar minti goma, esi a kashe, sannan ka fita. Sabuwar roba kan ɗan yi tauri a kwanakin farko, 'yar girgiza kaɗan ba abin damuwa ba ce. Amma in karkarwar ta fi ta da, duba abu uku bi da bi: ko wata kujera ta ɗauru a murɗe, sai ka sassauta ka sake zaunar da inji, ko yanzu da inji ya koma tsayinsa bututun salansa ko na esi na taɓa jikin mota, ko kuma an sayar maka da zallar roba a madadin mai ruwa. In har yanzu kana jin "ƙwal" wajen sa giya, to akwai wata kujerar da ta mutu ba ka canza ba, ko wani noti bai ɗauru ba.

Bayan tafiyar kamar kilomita 100, ko mako guda, sake bi ta kan dukkan notukan da sifana, inji a sanyaye, ka kuma haska tocila a kan sabuwar robar ka ga ko mai ya fara sauka a kanta.